Randar Kaka da Ledar Baffa Sale

Wata safiyar Asabar ce a tsakiyar Janairu, shekarar da nake aji huɗu na firamare, sanyi ya hana kowa taɓa ruwan famfo a kwatas ɗinmu na Garki. Na zagaya bayan kicin da ɓarzajjen gero a murfin kwano, na yage ledar da aka naɗe akurkina da ita, sai wani ɗumi mai warin gawayi ya bugi fuskata. 'Yan tsakina tara suna kwance, ƙafafu a miƙe. Uwarsu ce kaɗai a tsaye, tana layi, baki a buɗe.

Kazar kyautar Kaka ce, mahaifiyar Innata, maginiyar tukwane a wani ƙauye kusa da Kwali. Al'adarta ce duk jikan da ya yi wayo ta ba shi kaza guda. In ta hayayyafa a hannunsa a musanya masa da akuya, kuma daga nan take gane wanda za ta riƙa sa wa albarka da babbar murya. Tare da kazar ta haɗo ni da wata randa da ta tsage a wajen gashin tukwane. Ta koya mini in kwantar da ita a gefe, bakinta ya juya wa iska baya, in shimfiɗa tokar murhu mai ɗumi a ciki, in rufe da ƙaiƙayi. Da Hausarta ta Kwali ta ce, "Kaza yana son ɗumi, amma ya fi son numfashi. Kar ka toshe tsagin nan, Jummai." Na riƙe maganar fiye da karatun makaranta. Na daina tsayawa 'yar carafke bayan an tashi, sai in bi gindin katanga ina tono gara, in kawo wa 'yan tsakina a gwangwanin madara.

Ana haka Baffa Sale, ƙanen Babana, ya zo hutu daga makarantar koyon aikin gona, da biro biyu a aljihun gaba. Yana ganin randar ya kwashe da dariya, wai ƙauyanci ne a tsakiyar Abuja, me maƙwabta za su ce. Ya harhaɗa katako ya yi akurki, ya mayar da kazar da 'yan tsakin ciki, ya naɗe shi da baƙar leda ruf, ko hujin allura bai bari ba, sannan ya tura kaskon gawayi ciki da yamma. Na faɗa masa abin da Kaka ta ce. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya ko Kakar tawa ta taɓa riƙe littafi. Babana yana zaune yana gyaɗa kai, don a wajensa mai takarda ba ya kuskure.

Mutuwar tsakin ta yi mini ciwo, amma abin da ya biyo baya shi ne har yau yake tafasa mini zuciya. Kafin in gama kuka Baffa ya riga ya janye kaskon ya zubar da tokar. Ya shaida wa Baba cewa ni na ba su jiƙaƙƙen gero mai tsami. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma Inna ta sani, amma wace mace ce za ta ƙaryata ƙanen miji a gaban miji? Ta dai ja ni ɗaki tana cewa in yi haƙuri. Ni kuwa ban ga abin haƙuri ba, babba da gemunsa ya ɗora wa 'yar shekara tara laifinsa ya tafi shan shayi.

Da Kaka ta zo, labarin Baffa aka ba ta. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni kawai ta ce, "Ashe hannunka bai nuna ba tukuna." Na buɗe baki, Inna ta harare ni, na haɗiye. Kaka ta sa kazar a kwando ta koma da ita Kwali, ta ba wani jikan. Damina biyu bayan nan ta rasu.

Yanzu ina zaune a Jiwa da kaji sun fi arba'in. Yaran yau kwan lantarki suke rataya wa tsaki, ni ma na rataya, amma kowane akurki nawa akwai tazarar tafin hannu a sama, kuma babu mai takardar da ya isa ya rufe ta. Bara, a wajen sunan jikarsa, Baffa Sale ya tsufa ya yi furfura, ya ɗauko labarin da kansa don ya ba mutane dariya. "Ai hayaƙina ne ya kashe su, na ce gero ne," in ji shi, yana share hawayen dariya. Kowa ya dara, har ana cewa in yafe wa tsoho. Na yafe masa tsakin. Wadda nake so ta ji wannan magana ta fi shekara ashirin a ƙasa.