Ranar da Aka Duba Hannaye a Sharaɗa

Laraba ce. Na tashi kafin assalatu kamar kullum, na hura wuta, na ɗora wake. Shinkafa da wake nake sayarwa a ƙofar wani kamfanin fata a Sharaɗa, shekara da shekaru. Kafin jiniyar safe ta yi kuka na kafa teburina. 'Yan aikin safe suka riƙa wucewa suna ɗaga min hannu. Wani ya ce, "Tabawa, yau a sa mai, jiya kin yi mana rowa." Na ce ya auri mai gidan mai ya huta. Aka yi dariya. Ba ta yi tsawo ba. A kwanakin nan babu dariyar da take tsawo a Kano.

Yaƙin da aka yi a cikin gari bai daɗe da ƙarewa ba. Mu ba mu gan shi ba, jin sa muka yi. Manyan bindigogi suna duka kamar ana daka a gidan maƙwabta, kwanon rufi yana rawa. Da aka gama da masu fitinar sai aka shiga farautar ragowarsu. Aka ce yawancinsu baƙi ne. Daga nan duk wanda harshensa ya nuna ɗan Nijar ne ya shiga uku. An zo da mota an kwashe leburori daga ɗakunan haya na unguwarmu. Mutanen da na san cikinsu ne, na san wanda ba ya cin yaji. Ba su san komai ba sai ɗaukar fata da gishiri.

Gari yana murna an ci yaƙi. Ƙanena Haladu ya ƙi yin shiru. Ni na goye shi bayan rasuwar uwarmu. Yana da 'yar jarida ta Hausa mai fitowa mako-mako. Shi yake rubutawa, shi yake jera haruffan dalma, shi yake bugawa da wani tsohon inji a rumfar bayan gidanmu. Dama manya ba sa ƙaunarsa, don kullum zancensa talaka da albashin lebura. A wannan makon ya rubuta cewa an kama marasa laifi, an kashe waɗansu a hanya ba tare da shari'a ba. Ya kira sunayen waɗanda ya sani.

Na karanta da kaina. Sai da na yi furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, karatuna da yatsa ne, amma ina kaiwa ƙarshe. Na ce, "Auta, wannan gaskiya ce, kuma za ta ci mu." Ya ce, "Yaya, in an yi shiru su kaɗai za ta ci."

Masu sayar da jarida suka dawo masa da ita ɗauri-ɗauri. Mai shayi ya daina amsa sallamarsa. A masallaci sahu ya riƙa buɗewa ta gefensa. Aka ce ɗan kwaminis ne. Aka ce masu fitina sun saye shi. Aka ce yana zagin sojan da suka mutu dominmu. Waɗanda suka fi kumfar baki ko layi ɗaya ba su karanta ba. Ranar Talata muka wayi gari an rubuta munafuki da gawayi a bangonmu. Na wanke da tsumma.

To, ranar Laraba da hantsi ina juya shinkafa na ji motoci. A-kori-kura biyu ne, cike da samari, ba 'yan unguwarmu ba. Gora, adda, jarkoki. Ba waƙa suke ba, ba ihu suke ba.  Suka tsaya a bakin titi suna tambayar gidan ɗan jarida. Na bar tukunya a wuta na yanke ta bayan kwata.

Na riga su isa. Haladu yana kan inji. Matarsa Binta tana wanki, 'yarsu Ummi tana wasa da kumfa. Na buga ƙofar maƙwabciyar da muka yi shekaru muna aron gishiri, ko za ta ɓoye su. Na ji an zura sakata. Na ɗora wa Binta yarinyar a baya, na ce ta bi layin dogo har Panshekara gidan gwaggonmu, kada ta tsaya, kada ta waiwaya. Mace da goyo ba wanda zai kula ta. Haladu kuwa da wuyan riga na ja shi. Muka haura katangar baya muka faɗa cikin kwata.

Muna kwance a cikin ruwan nan mai wari muka ji komai. Ƙofa ta karye. "Fito! Ina ɗan jaridar?" Ƙarfe a kan ƙarfe, suna dukan injin. Haruffan dalma suka zube kamar an juye tsakuwa a faranti. Haladu ya motsa, na danne masa kai. Sai warin fetur. Sai wuta ta ce bum.

Sunansa suka sani, ba su san fuskarsa ba. Na ji babbansu yana rarraba su. "Ku tare hanyoyi! Ku duba hannu! Mai tawada a hannu shi ne!" Na dubi hannayen ƙanena. Baƙi ƙirin har wuyan hannu, har ƙarƙashin farce. Na goga da yashi sai da fata ta yi ja. Tawadar inji ba ta jin yashi.

Wuri ɗaya ne a Sharaɗa baƙin hannu ba labari ba ne: sashen rini na kamfanin fata. Muka bi kwatar a sunkuye har ƙofar baya inda ake fitar da shara. Helman, wato shugaban leburorin sashen, Malam Garba, ya ci shinkafata tun yana saurayi. Ya dube ni, ya dubi Haladu, ya dubi hayaƙin. Bai yi tambaya ba. Ya cire masa tabarau, ya ba shi rigar aiki da dogon takalmin roba, ya shafa masa rini a kumatu. Ya ce, "Ka sunkuyar da kai. Kada ka buɗe baki, Hausarka ta 'yan boko ce." Shawarar ita ce ya fita cikin 'yan safe in an tashi da azahar, ya hau motar kamfani mai kai ma'aikata Panshekara.

Ni na koma teburina, don rashina ma magana ce. Shinkafar ta kama. Samarin nan suka zo suka tsaya a kaina, idanu jajur. Ɗaya ya ce, "Inna, zuba." Na zuba masa. Ya ci da hannun da yake warin fetur ɗin gidana. Mai rake yana gefe, mai gadi yana gefe, duk sun san ni yayar wa ce. Babu wanda ya ɗaga kai ya nuna ni. Wannan ma na faɗe shi, don haƙƙinsu ne.

Aka kira azahar. Jiniya ta yi kuka. Aka buɗe babbar ƙofa.

Samarin suka yi layi biyu, dama da hagu. "Hannu! Nuna hannu!" 'Yan rini suka fito a dunƙule, suka ɗaga hannaye. Duka baƙi. Babban nasu ya yi ashar, ya tofar da yawu. "Ku wuce! Ku wuce!" Na hango Haladu a tsakiya, kai a ƙasa, yana jan takalmin da ya fi ƙarfin ƙafarsa. Ya wuce na farko. Ya wuce na biyu. Motar tana can bakin titi, direba ya riga ya tayar. Ina riƙe da ludayi, na ce a raina ya tsira.

A daidai lokacin 'yan aikin rana suke shigowa. Cikinsu akwai Illo, lebura ne daga Damagaram. Ƙaninsa yana cikin waɗanda aka kwashe, yana kuma cikin waɗanda Haladu ya kira sunansu. Ranar Talata da yamma aka sako yaron. Illo bai san abin da ake ciki ba. Fuska kawai ya gani.

Ya tuɓe takalmansa. A tsakiyar hanya ya durƙusa, ya haɗa hannu biyu.

"Malam! Allah ya saka muku da alheri, Malam! An sako shi, a gida ya kwana!"

Ba a durƙusa wa lebura. Kowa ya san wannan, har mashayi. Samarin suka juyo. Malam Garba ya daka tsawa, "Tashi, mahaukaci!" Da Haladu ya yi gaba abinsa, wataƙila da an ɗauka Illo taɓaɓɓe ne. Amma tun yana yaro ba ya iya ganin babba a ƙasa. Ya sunkuya ya kama kafaɗunsa. Ya ce, "Tashi, ɗan'uwa, ba a durƙusa min."

"Shi ne!"

Gora ta farko a ƙeya ta same shi. Na ji ƙararta daga inda nake. Na ɗauki tukunyar da zafinta na watsa wa na kusa da ni. Na shiga da ludayi. Ban san wanda na doka ba. Na ga Illo ya faɗa a kan Haladu ya rufe shi da jikinsa, suna janye shi yana komawa. Waɗansu 'yan rini suka tsaya, waɗansu suka watse. Wani abu ya sauka a goshina, jini ya rufe min ido ɗaya. Malam Garba ya sure ni ya jefa bayan mota. Na cije shi a hannu, bai sake ni ba. "Ja mota! Ja!"

Da ido ɗaya na gani. Bayan mutane a zagaye, sanduna suna hawa suna sauka. Can gefe hayaƙin gidanmu ya miƙe sak. Sai muka sha kwana.

A Chalawa direba ya ce an tare gaba, kowa ya sauka. Na ɗaure goshina da ɗankwali na bi layin dogo. Tsakuwar ta cinye min silifa. Jirgin kaya ya wuce, na kwanta a ciyawa har ya shuɗe. Bayan la'asar na tarar da Binta a ƙarƙashin wata 'yar gada, ƙafafunta sun fashe, Ummi tana barci a cinyarta. Binta ba ni ta duba ba. Bayana ta duba. Ta daɗe tana duban layin. Sannan ta miƙe ta gyara goyo. Muka shiga Panshekara ana kiran magariba. A rediyon wani mai shago na ji ana cewa an yi 'yar gobara a Sharaɗa, an shawo kanta.

Da safe Malam Garba ya kawo Haladu a motar ɗaukar fata, an lulluɓe shi da tabarma. Illo bai mutu ba. Ya biyo su da karyayyen hannu a rataye, ya tsaya a ƙofar gida ya kasa sallama. Na leƙo. Duk Sharaɗa an san bakina.  Amma ranar ruwa na aika masa.

Gida ya tafi, inji ya tafi, jaridar ba ta sake fitowa ba. Mata ba sa zuwa maƙabarta, Malam Garba ne ya faɗa min yadda aka yi. Daga cikin masu karanta shi da abokan bokonsa babu wanda ya zo. Mutum tara suka yi masa salla. Takwas ma'aikatan fata ne. Na tara liman ne, shi kuwa bai tambayi ko wane ne ba.