Ƙuri'a ta Biyu a Akwatinmu

Shekara da shekaru muna soya kifi a rumfa ɗaya ni da abokina, a bakin gadar Wudil. Ni na gama sakandare, shi a aji biyu ya ajiye biro. Ko saƙon waya aka turo masa da Turanci, ni nake karanta masa. Amma da dattawan mazaɓarmu suka tashi neman wanda zai fito takarar kansila, sai suka tsallake ni suka dafa shi. Wai ya fi ni fara'a. Ranar sai da na ƙona kifi kasko guda.

Zaɓen fid da gwani ƙato bayan ƙato aka yi a filin firamare: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa, a bi ana ƙirga kawuna. Wannan ba zaɓen zuciya ba ne, na kunya ne. Surukinka yana kallo, mai shayin unguwa yana kallo, ina za ka? Ni na fara tsayawa, hancina a ƙeyarsa, ina kallon hular da na ara masa. Da aka ce ya ci, na fi kowa ihu.

Zaɓen kansilan kansa na sirri ne. Aka miƙo min takarda, na shiga bayan ɗan shingen nan, babu suruki, babu mai shayi, daga ni sai tawada. Na daɗe a tsaye. Hassada ce, ba zan sake mata suna ba. Na dangwala wa 'yan hamayya, na ninke takardar, na jefa. Na ce a raina, guda ɗaya cikin wannan taro wa zai lura?

Da la'asar aka zazzage akwatinmu a gaban jama'a, ana ɗaga takardu ɗaya bayan ɗaya. Duk nasa ne, sai guda biyu. Ɗaya ta wakilin 'yan hamayya ce, kowa ya sani.

Ya ci kujerarsa. Washegari ya zo rumfa ya zauna kusa da ni, ko murmushi babu.

"Mutumina, ɗayar nan ta tsaya min a rai," ya ce. "A layin nan aka haife ni, ban san wanda na ɓata wa ba. Kai kaɗai na yarda da kai. Don Allah ka sa min kunne, ka gano min ko wane ne."

Na ce, "In sha Allahu, ranka ya daɗe."

Wa'adinsa ya ƙare tuni. Har yanzu, in muka keɓe, yakan rage murya ya tambaye ni ko na ji wani abu.