Na'urar Kawu Mai Tashi Bayan Azahar

Kawuna marubucin wasiƙu ne a tsohon gari, kuma tun ina ƙarami nake jin yana cewa shi rufe baki yake sayarwa, rubutun gyara ne kawai. Matar da mijinta ya tafi haƙar zinariya Tchibarakaten ya shekara ba labari, gabansa take zama ta zazzage cikinta. Mai garka daga Timia da ke rigimar rijiya da ɗan'uwansa, gabansa yake zama. Kawu ya buga, ya fitar a takarda, ya naɗe, magana ta mutu nan. Ko matarsa ba ta taɓa jin wa ya zo ba.

Shagon ɗaki biyu ne. Na ciki shi ne biron Kawu, wato ofishinsa, na waje kuma na abokinsa, wani tsoho da muke kira Baba Tela. Shekara arba'in suna tare, mitar wuta ɗaya da muke kira kontar, butar shayi ɗaya, faɗa kuwa kullum. Kawu na ce masa mai ɓata yadin mutane, shi kuma yana ce wa Kawu Mushe, wato Malam da Faransanci, da wata murya da kowa ya san ba girmamawa ake nufi ba. Mabuɗin biro biyu ne, ɗaya a aljihun Kawu, ɗaya ɗaure da zare a wuyan keken ɗinkin Baba Tela.

Ni gyaran salula nake yi a kasuwa, saboda haka duk abin da ke da waya a danginmu ni ne likitansa, har da agogon bango. Da tsohuwar ordinater ɗin Kawu, kwamfutar da yake buga wasiƙu da ita, ta mutu, ni na samo masa wata ta hannu. Ba ta yi kwana uku ba ya aiko a kira ni.

"Kai, taho ka ga abin da ka kawo mini," in ji shi.

Ga abin da ke faruwa. Bayan azahar yakan kashe ta, ya tsaya har fankar cikinta ta yi shiru, ya lulluɓe ta da tsohon rawaninsa, ya kulle ƙofa, ya tafi gida cin abinci da ɗan kishingiɗa. In ya dawo da la'asar sai ya tarar haske na fitowa ta ƙarƙashin rawani, sunayen wasiƙun mutane jere a fuskarta kamar an baje kaya a kasuwa. Yana ba ni labari yana kallon ƙofa, wajen da keken ɗinki yake.

"Abu ba ya tashi shi kaɗai," ya ce a hankali. "Kuma mabuɗi biyu na sani."

Na ji shi sarai, amma na ɗauka cikin faɗansu na kullum ne.

Na yi duk abin da mai gyara ke yi. Na duba maɓallin kunnawa ko ya maƙale, na sauya suri, wato linzaminta, na sauya kilabiye, allon haruffa, na nemi birus, cutar na'ura, ban samu ba. Na kashe ta sau goma, ta kwanta sau goma. A gabana ta zama mutuniyar kirki. Kawu ya gaji da kallona, ya yanke shawarar ya kulle ni a ciki ba da sanin kowa ba. Washegari, Baba Tela na bayan shago yana alwala, aka shigar da ni kamar kayan sumoga, tare da kwanon shinkafa da miyar nama da matar Kawu ta aiko, da lemun Timia guda huɗu.

Na cinye shinkafa, ina ɓare lemu na biyu, sai fankar sama ta tsaya cak. Na ji Baba Tela ya yi tsaki. Na leƙa ta tsagar ƙofa, na gan shi ya ɗauki sandar awon yadi ya miƙa sama ya tura maɓallin kontar. Fanka ta ci gaba da juyawa. A bayana kuwa na ji ƙit, na waiga, ga mutuniyar Kawu ta farka ƙarƙashin rawani. Na sake leƙawa. A kan teburin Baba Tela, kusa da wani buhun ƙyallaye da bakinsa ke buɗe, dutsen guga ne na kuran, mai aiki da lantarki, yana zaune abinsa.

Sai da na toshe bakina da lemu don kada dariya ta tona ni. Wannan dutsen guga yana da tarihi. Shekarun baya ya taɓa sa kontar ta faɗi ana tsakiyar wata doguwar wasiƙa, komai ya goge, aka yi tashin hankalin da maƙwabta suka shiga tsakani. Baba Tela ya rantse gaban mutane cewa ya aika da shi Aderbissinat ya ba surukinsa, daga ranar kuma na gawayi yake ajewa a bakin ƙofa, inda kowa zai gani. Ashe Aderbissinat ɗin cikin buhu take. Ita kuma na'urar, inda ta fito an umurce ta da ta tashi da kanta duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo. Gyaran minti biyu ne.

To, a nan shaiɗan ya zauna kusa da ni. Waɗannan tsofaffi biyu sun ja kunnena ina yaro har ya kusa tsinkewa, yau ga asirin ɗaya a hannuna, ɗayan kuma yana ciyar da ni. Kawun da ya shekara yana ce mini mai ɓatar da sukurori, tun jiya ya koma kirana Enjiniya. Da ya dawo ya buɗe ƙofa ya tambaye ni abin da na gani, sai na sunkuyar da kai.

"Kawu, ka yi haƙuri, shinkafar ta yi daɗi. Barci ya ɗauke ni, na farka na tarar da ita kunne. Amma irin wagga cuta sai an bi ta sannu."

Haka na bi ta sannu. Kullum da hantsi in zo, in kwance cikinta, in fitar da wani abu in hura masa iska, in ɗaga shi sama in girgiza kai, in mayar. Kullum kwano na zuwa. In zan fita sai in tsaya wajen Baba Tela in shafa wata riga.

"Baba, wagga guga ta yi kyau. Duk gawayi ne?"

Sai ya dube ni ta saman tabarau. "Mi kake nufi?"

"Babu komai. Na ce gawayin bana ba ya barin toka."

Kafin kwana uku ya ɗinke mini wanduna biyu da suka yage, ya kuma ce in kawo yadi ya yi mini riga. Shi bai san dutsensa na da wata alaƙa da na'urar ba. Abin da ya sani kawai, ni na gano buhunsa, abokinsa kuma ya bar kula shi. Na lura shagon ya yi shiru, ba a ce mai ɓata yadi ba, ba a ce Mushe ba. Na lura, na ci gaba da ɓare lemuna.

Rana ta shida na zo da la'asar. Baba Tela na zaune gaban ɗan murhunsa, ya zuba shayi a kofi biyu kamar yadda ya saba. Kawu ya shiga biro, ya ɗaga rawani, ya fito. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya tsorata ni, don ban taɓa jin ya yi wa mutumin nan magana a hankali ba.

"Tela, ba ni mabuɗina."

Baba Tela ya dube shi ya daɗe. Sannan ya ɗauki almakashi ya yanke zaren, ya ajiye mabuɗin kusa da kofin da ba a taɓa ba.

"Kawu, dakata," na ce. "Ka je ka kashe ta. Baba, don Allah fito da mutumin Aderbissinat."

Ya yi kamar bai gane ba, sai da na sa hannu cikin buhun da kaina. Na jona dutsen, na taka injinsa na aikin wuyan riga, shi ma mai jan wuta, kontar ta faɗi. Na ɗauki sandar awo na tura maɓalli. Daga cikin biro muka ji ƙit, haske ya bayyana.

Kawu ya dubi na'ura, ya dubi dutsen guga, ya cika ya batse.

"La'ananne! Ashe rantsuwar banza ka yi gaban jama'a! Wanga ne surukin naka?"

Na ji daɗin zagin nan har cikin raina. Amma Baba Tela bai rama ba. Sai yanzu ya gane abin da ake ciki.

"Tsaya, Mushe. Wai da can ni kake zargi da wasiƙun mutane? Ni da ko sunana ban iya karantawa ba? Wasiƙun da nake aika wa ɗana ma kai ke rubuta su."

"Na ce ko kana buɗe wa wasu," Kawu ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

Kawu ya durƙusa, da gwiwoyinsa masu ciwo, ya ɗauki mabuɗin, ya zaro zare daga kan keke. Sau uku yana ƙoƙarin zura shi a kafar mabuɗin yana kuskurewa, Baba Tela na kallo bai taimake shi ba. Da ya ɗaure shi a inda yake, sai ya ɗauki kofin shayin da ya huce ya shanye.

Na sulale cikin biro na gyara abin da ya kawo ni. Minti biyun ma bai cika ba. Na fito ina neman hanyar ƙofa, Baba Tela ya kira ni.

"Ɗana, tun yaushe ka sani?"

Na so in yi ƙarya, ta ƙi fitowa. "Kwana shida, Baba."

Na jira zagi, na ma shirya kunnena. Ya ɗauraye kofin Kawu, ya goge shi da gefen rigarsa, bai dube ni ba.

"Kwana shida," ya ce. "Ni kuwa ina zuba kofi biyu ina sha ni kaɗai."