Atamfofin Kaka

Ɗazu bayan sujada a coci Kaka ta buɗe akwatinta. Atamfofi ne tun tana aiki a masaƙar Kakuri, ba ta taɓa ɗinka ko ɗaya ba. Asu ya huhhuda su duka.

A hankali na ce, "Kaka, kamar mai arzikin da Fasto ya karanta labarinsa, wanda ya cika rumbuna ya mutu."

"Ni ban mutu ba tukuna, uwar wa'azi. Maƙwabciyata Maman Talatu ta roƙi ɗaya ranar jana'izar mijinta, na ce babu. Tun ranar ba ta gaishe ni. Miƙo min takalmina, gidanta za ni."

Ni asarar zane kawai na gani. Ku fa, wa kuka taɓa ce wa babu alhali akwai?