Shekarar da Man Gyaɗa Bai Yi Barci Ba

Ni dai ba na shiri da sanyi, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Da an gama yankan dawa iska ta juya, raina ke fara ɓaci, don na san abin da ke jirana a lambunmu na bakin rafi. Da jigo muke ban ruwa, doguwar sandar nan mai guga a baki da dunƙulen laka a gindi. Ka ja, ka tsoma, ka ɗago, ka juye, tun daga fitowa sallar asuba har rana ta take. Igiya ta ci maka tafin hannu, faso ya tsattsaga maka dunduniya, in ruwa ya fallatso maka a ƙauri sai ka ji kamar an tsula maka bulala.

Baba kuwa sanyi masoyinsa ne. Manomin alkama ne, ita kuma alkama 'yar sanyi ce, in ba ta sha shi ba ba ta yin ƙwaya. Yana da ma'auninsa da ya gada wajen mahaifinsa: wata 'yar kwalba da Inna, mahaifiyata, ke cika masa da man gyaɗa bayan kaka, ya ɗora ta a tagar zaure. Ranar da ya karkata ta da safe ya ga man ya yi barci, ya daskare fari fat ya ƙi motsi, ranar ake shuka. Ba ya tambayar kowa wata, ba ya kallon abin da maƙwabta ke yi.

Shekarar da ta gabaci wadda zan ba da labarinta, an yi sanyi na fitar hankali. Magina sun ajiye aiki don babu mai iya taka laka da ƙafa, tsofaffi ba sa fitowa sai hantsi ya dubi bango, awaki na rige-rigen kwanciya a tokar murhu. Man Baba ya yi barci da wuri. Na sha wuya a bakin jigo, na yi mita har na gaji, amma alkama ta yi kyau, har daga Gezawa aka zo saye.

Sai damina ta juya mana baya. Gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba, dawa ta ba da abin da bai taka kara ya karya ba. Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, duk tukunyarmu ɗaya da su Baba, kuma kowa a gidan ya san rumbu ba zai kai mu bazara ba. Abin da ya rage mana shi ne irin alkamar da Baba ya ɓoye a ɗakinsa. Inna ta roƙe shi ya ba ta rabi ta niƙa wa yara.

"Iri ne, ba abinci ba ne," in ji shi. "Ki yi haƙuri, shi zai fitar da mu."

Muka zauna jiran sanyi, sanyi ya ƙi zuwa. Da farko daɗi na ji. Ina gyaran fangali, wato kwamin da ake shuka a ciki, ba ko riga a jikina, dunduniyata sumul kamar ta ɗan birni. Magina suna ta aiki, yara na wanka a rafi da sassafe. Wani ɗan'uwanmu da ya dawo ci-rani daga Jos ya yi ta ba mu labarin sanyin can, wai ma'aikata sai sun hura wuta kafin yatsunsu su iya riƙe shebur, muka yi ta dariya muna cewa Allah ya raba mu.

Maƙwabtan lambunmu suka gaji da jira suka shuka tasu. Ta tsiro, ta rufe ƙasa. Kullum da safe Baba zai ɗauko kwalba ya karkata, mai ya gangaro tsululu, ya mayar ya ajiye.

"Baba, mutane fa sun yi nisa," na ce masa. "Lokaci na wucewa."

"Su suka sani. Ka taɓa ganin kwalbar nan ta yi mini ƙarya?"

"Ban taɓa gani ba. Amma ban taɓa ganin shekara irin wannan ba."

Ya dube ni ya ce in tafi in nemi abin yi. Na fita ina huci, don ni ma zuciya gare ni irin tasa.

Can da lokaci ya ja sosai, aka wayi gari da ɗan sanyi-sanyi. Man ya ɗan yi kauri daga gindin kwalba, barci dai bai yi ba, sai dai a ce gyangyaɗi. Baba ya ce shi ke nan, ga shi ya zo. Muka zuba irin duka, ko tafi ɗaya ba mu rage ba. Kashegari gari ya koma yadda yake, daga nan kuma zafi ya yi ta ƙaruwa.

Abin da ya ruɗe mu, alkamar ta yi kyau a ido. Ta tashi shar, ta yi sauri fiye da ta kowace shekara, ta fitar da kai tun ba ta wuce gwiwa ba. Na yi ta zuba mata ruwa ina gumi, ina cewa ashe ana iya samun alkama ba tare da an sha azaba ba. Har Inna na yi wa albishir.

Ranar da ta yi ja, muka je tare da Baba. Ya tsinko zangarniya, ya murje a tafin hannu, ya hura. Komai ya tashi. Ya sake tsinko wata daga tsakiya, ya murje, ya hura, sai wasu 'yan ƙwayoyi a yamushe kamar kashin ɓera. Na shiga fangali ina tsinka ina murzawa, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ina jin kamar wani ne ya zo ya zazzage su ya bar mana ƙaiƙayi. Ban taɓa sanin gona za ta tsaya cif a gabanka, ta yi ja ta nuna, alhali babu komai a cikinta ba. Maƙwabtanmu da suka riga mu sun ɗan sami na tuwo. Mu ko irin da muka zuba bai dawo ba.

Baba ya tsuguna a bakin rafi yana salati a hankali. Da ƙyar na tashe shi.

Da muka isa gida babu wanda ya tambaye mu, fuskokinmu sun isa. Inna ta wuce zaure, a gaban Baba ta miƙa hannu ta sauko da kwalbar nan da ba a taɓa buɗewa ba sai bayan shuka ta yi albarka. Ta dafa zogale, ta juye man a kai har ɗigon ƙarshe, ta kira yara. Ta ɗebi kaɗan a akushi ta ajiye masa. Ya daɗe yana kallon akushin, sannan ya tura wa ƙaramar 'yata ya ce ta cinye.