Jan Ƙafa a Bikin Hasahisa

Ƙarfe uku da kwata na wata ranar Alhamis a watan Oktoba, shekarar da na shiga ajin farko na makarantar sanawi, wato sakandare, Kaka ta leƙo daga ɗakinta da ƙwarya a hannu ta ce, "Sauda, ƙawata, aje allurar nan ki taho ki miƙe ƙafa." Na riƙe lokacin ne don idona yana kan agogon rumfa, ina auna ko zan gama kalmasa bakin rigata kafin rana ta faɗi. A cikin ƙwaryar akwai lalle da ta tsinko daga itacen bayan ɗakinta, ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, ta kwaɓa da ruwan lemun tsami. Na ajiye rigar na tafi da gudu. Da na san abin da zai biyo baya, da na ce mata ina da karatu.

Washegari ne zan je biki a gari ni kaɗai, karo na farko a rayuwata. Ƙauyenmu yana bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, kuma kowace safiya nakan hau boksi, a-kori-kurar da ke kai ɗalibai da 'yan kasuwa Hasahisa, in zauna a kusurwa da littafi a cinya. A aji ma kusurwa nake. Larabci ina jinsa kamar kowa, a rubutu har na fi wasu, amma idan 'yan matan gari suka yi da'ira lokacin karin kumallo suna cin burodi da ta'amiya, ƙosan Larabawa, suna hirar takalma da turare, sai harshena ya yi nauyi. Ba wadda ta san muryata sai malamar lissafi. Tasnim kaɗai, wadda muke benci ɗaya, take jana da hira ko ban amsa ba. Ita ce ta juyo wata rana ta ce yayarta Rihab za ta yi aure, akwai abincin rana na mata ranar Juma'a, kuma in ban zo ba, ba za ta ƙara aron fensirina ba. Na dawo gida ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa, amma ban gaya wa kowa ba sai da aka kwana biyu.

Ba wanda ya san yadda nake son kaya. Ban iya hirarsu ba, kallonsu na iya. Nakan lura da inda aka tattare hannun rigar malama, da yadda matan gari ke jefa gefen tob, doguwar lafayar da suke naɗawa, a kafaɗa ba tare da ya zame ba. Da Inna ta ji maganar bikin, sai ta buɗe akwatinta ta ciro wani tsohon tob ɗinta, shuɗi mai haske, da ƙananan furanni a gefe, ta ce in yi abin da na ga dama da shi. Lokacin ana cirar gyaɗa. Idan na dawo makaranta sai in kai abinci gona, in ɗebo ruwa, in ba awaki harawa, sannan in wanke hannu har gwiwar hannu in zauna gaban keken ɗinkin Inna. Sai da na gwada yankan a kan takardar buhun sukari kafin na bari almakashi ya taɓa yadin. Wuyan rigar na ɗinka shi na warware, na sake ɗinkawa na sake warwarewa, har Inna ta ce yadin zai gaji da ni. Yayata Asma'u, wadda ke koyon aikin jinya a Madani, ta yi alkawarin zuwa mini da takalmi mai igiyoyi ruwan azurfa.

Don haka da Kaka ta kira ni, na ɗauka abin da ya rage kenan kwalliya ta cika. A ƙauyenmu tun muna ƙanana ake mana ƙunshi da Sallah, mu jera a tabarma kamar an ɗaure kaji, muna gardamar na wa zai fi kamawa. Kaka ta shafe mini tafin ƙafa da yatsu har zuwa idon sawu, ta rufe da ganye, ta naɗe da tsumma, ta zaunar da ni inda rana ke bugawa. Ta kawo mini fura a ƙoƙo, wadda Larabawa ke kira godo-godo, ina sha tana ba ni labarin bukukuwan zamaninsu. Inna tana gona, ba wanda ya gan mu. Ana kiran magariba ta kwance. Lallen ya kama ja wur, kamar cikin kankana. Na tsaya ina juya ƙafa ina murmushi ni kaɗai.

A daidai nan Yaya Asma'u ta yi sallama da jaka a kafaɗa da takalmin a leda. Ta dubi fuskata, ta dubi ƙasa, sai ledar ta sauka a hankali.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Kaka."

"Kuma gobe Hasahisa za ki da shi? Sauda, duk karatun nan naki ba ki taɓa duba ƙafar 'yan ajinku ba? A gari matar aure ce kawai ke lalle a ƙafa. Budurwa ba ta yi. Aib ne a wurinsu."

Gaskiya ban taɓa dubawa ba. Na san hannun rigar kowace yarinya a ajin, na ga baƙin lalle a ƙafar malamai, amma ban taɓa haɗa abin a kaina ba. Muka zauna bakin randa, Yaya tana goge mini da lemun tsami da toka, sannan sabulun wanki, sannan dutsen goge kaushi, har fatar ta fara zafi. Lallen ko gezau.

Ranar Baba ya gasa agashe saboda dawowar Yaya, Inna ta tuƙa tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa. Muka zagaye siniya, babban farantin da muke ci tare, Baba yana gefe a kan gadon igiya da nasa kwanon. Ƙamshin ƙuli da barkono ya cika gidan, ni kuwa idona na kan ƙafata. Baba ya ce a ba ni takalmin robarsa na ban-ruwa, ya kai gwiwa, ba mai ganin komai. Kowa ya yi dariya ban da ni. Inna ta ce a hankali, "Ko ki haƙura ki zauna, wani bikin zai zo." Na dubi rigar a rataye jikin ƙusa, na san wani bikin zai zo, amma ba lallai wata ta sake gayyatata ba. Kaka tana ta tsotsar ƙashi, sai da Yaya ta matsa mata sannan ta ɗago ta ce, "Mi ya faru? Ƙafa ce, ba a yanke ta ba."

Da safe jan ya ƙara nuna. Yaya ce ta kawo dabarar safa. Na sa fararen safar makaranta a cikin takalmin azurfa, abin da ko a mafarki ban taɓa haɗawa ba, ta ce in an tambaya in ce sanyi nake ji. Sanyi, a watan da ƙarfen boksi ke ƙona hannu. Amma da na zura rigar, ta zauna mini cif a kafaɗa, furannin suka faɗo daidai bakin hannu da ƙasan riga kamar yadda na auna, sai murnar ta dawo gaba ɗaya. Yaya ta ɗaura mini mayafi, Inna ta turara ni, Baba ya raka ni bakin hanya yana cewa direba ya kula da 'yar gwamna.

Gidan su Tasnim an kafa rumfar biki ta rufe titi. Ban taɓa ganin tob masu yawa haka wuri ɗaya ba: ruwan goro, ruwan ƙwai, kore mai zaren zinariya, wani fari sol da aka yi wa aiki da hannu a gefe, wanda na bi mai shi da ido har ta juyo. Ko'ina ƙamshin turaren wuta da sandal. Tasnim ta rungume ni ta juya ni ta ce rigar ta yi, ta dubi safar ta buɗe baki, sai aka kira ta. Na samu kujera a ƙarshen layi, na tura ƙafafuna ƙarƙashi, ina kallo ina jin daɗi kamar an buɗe mini littafi mai hotuna. Har na fara ganin dabarar Yaya za ta kai ni gida lafiya.

Sai aka ce 'yan mata su yi salla kafin a kawo abinci. Muka yi layi a bakin famfon tsakar gida. Ina iya cewa ba na salla, ba mai bincike. Na juya maganar a bakina har layi ya zo kaina, na kasa faɗa. Na tsuguna, na cire takalmi, na zare safa. Wata 'yar ajinmu da ke bayana ta leƙo ta ce, "Mabruk ya arus. Yaushe aka ɗaura ba a gaya mana ba?" Barka amarya ke nan da Larabci, don arus ita ce amarya. Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka kewaye ni suna tambayar sunan ango da ko yana da ƙane. Wata tsohuwa ta girgiza kai ta ce 'yar makaranta da wannan, aib. Mahaifiyar Tasnim ta ce, "Ku ƙyale ta, 'yar Hausawan bakin tur'a ce, su tun suna yara ake musu." Ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma ita ta fi ƙona ni. Na ƙarasa alwala ruwa na haɗuwa da hawaye, na yi sallar ban san me na karanta ba, ina sallamewa na fara neman ƙofar fita.

Tasnim ta cafke wuyan hannuna. Ba ta bari na sa ko takalmi ba, ta ja ni har ɗakin amarya. Rihab tana zaune a tsakiyar gado, an zana mata baƙin lalle har ƙwauri, fuskarta a ɗaure, an ce tun safe ba ta sa komai a baki ba don fargaba. Ta dubi ƙafata, ta dubi fuskata, sai ta fashe da dariya har kwallinta ya zubo.

"Alhamdu lillahi, an kawo mini abokiyar wahala. Zauna nan kusa da ni. Ke ma ba su ba ki abinci ba ko?"

Aka shigo da siniyar amarya, wadda ta fi ta kowa: kisra, wainar dawa mai laushi kamar mayafi, miyar nama, soyayyen gauta da yaji, kaza, da taliya siririya mai sukari. Rihab ta ce ba za ta ci ba sai ɗayar amaryar ta fara. Na sa hannu, ta sa, ƙawayenta suka matso. Muna cikin ci ta kama bakin hannun rigata ta juya cikinsa tana duba ɗinkin, ta tambayi wane tela ne. Na ce ni ce. Ba su yarda ba, sai na fara bayani, yadda na yanka tob ɗin a tsaye don gefen furannin ya faɗo a hannu, da yadda na ɓoye wurin da ya ƙoƙe a cikin tattara. Ina cikin magana na lura ɗakin ya yi shiru, ni ake saurare, kuma muryata ba ta rawa. Na ci har na ƙoshi, na sha shayi, aka ja ni rawa na ƙi, aka sake ja na tashi da jar ƙafata a kan tabarma. Daga ranar sunana a makaranta ya koma Arus har na gama, kuma ban sake cin karin kumallo ni kaɗai ba.

Da yamma na dawo da safar a cikin jaka da alewa a ƙulle, na zauna bakin siniya ina ba da labari har tuwona ya huce. Inna ta ce ba ta taɓa jin na yi magana mai tsawo haka ba. Daga baya na tambayi Yaya ko Kaka ba ta san al'adar gari ba ne. Yaya ta ce wadda ta yi shekaru tana sayar da fura a kasuwar Hasahisa kafin a haife mu, ta fi kowa sani. Na je na tambayi Kaka da kanta me ya sa ta yi mini. Ta ce in miƙo mata buta. Na sake tambaya bayan Sallah, ta ce awaki sun shiga rumbu.

Yanzu muna Damazin, gidan kawuna, tun da yaƙi ya tashe mu daga yankinmu na Jazira. Keken Inna yana can, itacen lallen ma yana can, ban san ko akwai mai ba shi ruwa ba. Tasnim takan turo saƙo daga inda suka sauka, har yau da Arus take farawa. Ina karatu, ina ɗinki da hannu idan na samu yadi, kuma mun ragu a bakin siniya. 'Yan ƙannena ba sa yarda a yi musu ƙunshi, sun fi son zanen gari a bayan hannu. Ranar jajibirin Sallar da ta wuce na tarar da Kaka tana kwaɓa lallen kanti a kofin roba, ba wadda ta zo ta miƙe mata ƙafa. Na zauna na miƙe tawa. Tana shafawa na sake yi mata tambayar nan. Wannan karon ba ta aike ni ko'ina ba.

"Na sani mana. Amma sati da sati kina murna, kin ɓoye ta cikin ciki, ba wanda ya gani sai ni. Mu yadda munka taso, in ɗiya tana murna, ƙafa aka rina mata kowa ya gani. Na ce tunda bakinki ba ya faɗi, bari ƙafarki ta faɗa musu."