Tuƙar Yayana

Shekarar da na yi taifod, zazzaɓin ya tafi cikin mako uku, gajiya kuma ta samu wuri ta miƙe ƙafa. Ina koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma lokacin. In na tsaya gaban allo rabin awa, washegari sai na wuni a katifa, ƙafafuna kamar an ɗaura masu buhun gero. Barci ba ya rage ta. Na yi gwajin jini har mai ɗibar jinin ya koma gaishe ni da "an dawo?", kuma kullum takarda cewa take lafiyata ƙalau.

Takardar nan ita ta kashe ni a gidanmu. Mahaifina manomi ne kuma makiyayi a Barkiya, dokarsa kuwa ita ce duk ɗan da ya haifa, ko gwamna ya zama, Asabar ɗin damina a gona za ta same shi. Ni kuwa damina biyu ina zuwa in zauna gindin bishiya ina kallon masu noma. Baba bai taɓa yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Sai dai ya ce wa yayana, yadda zan ji, "Ƙyale malam shi huta, alli nauyi gare shi." Ciwon da ba ya kumburi, ba ya zafin jiki, ba ya hana cin tuwo, a wajen Baba sunansa son jiki. Wannan ya fi gajiyar ci mini rai, domin ba abin da nake so kamar mutumin nan ya yarda ba ƙarya nake ba.

Wata likita ce 'yar kudu, mai jin Hausa kamar jakin Kano, ta fara saurarona har ƙarshe. Ta ce akwai ciwo mai wannan siffa, gajiya mai naci, ba shi da gwajin da ke nuna shi, ba shi da tabbataccen magani, kuma in na tilasta wa jikina ƙara kwanciya zan yi. Ta ce a hanjin kowa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu taya shi narkar da abinci, kuma masu bincike sun lura na masu irin ciwona sukan bambanta da na masu lafiya. Ko su suka kawo ciwon, ko ciwon ne ya sauya su, ba a sani ba tukuna. Ta ce in riƙa shan kindirmo, in ci wake da ganye, in ba su yi amfani ba ba za su cutar ba.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Kurfi, daga nan na hau acaɓa zuwa gida, ina ta shirya yadda zan haɗiye dariyar da za a yi mini. Na samu Baba a tsakar gida yana tufka igiya, na zayyana masa komai. Maimakon dariya sai ya ajiye igiyar.

"Wato cikinka ne ya mutu," in ji shi. "Mi ya hana ka hwaɗi tun bara? Ai wanga mun san shi. Saniya in ta yi jinya ta daina tuƙa, ta kwanta ko ƙuda ba ta kora, sai a samu lahiyayya tana cikin tuƙa, a sa hannu a ciro daga bakinta a tura ma marar lahiyar. Kwana ukku ta tashi."

Na ce, "Baba, ni ba saniya ba ne."

"Likitar taka ta ce da halittu a cikinka ko ba ta ce ba?"

"Ta ce."

"To mi ya raba ka da saniya?"

Bai jira amsa ba ya miƙe ya nufi turke, inda wata farar saniya ke kwance tana juya baki. Allah ya taimake ni Inna ta ji, ta fito daga madafi da muciya a hannu. "Malam, ɗan mutum hwa," ta ce. "Ni dai na san ba maraƙi na haihwa ba." Aka ɗan ja, Baba ya yarda tana da hujja: saniya da saniya, mutum da mutum. Sai idanunsu su biyu suka sauka a kan yayana, wanda ya shigo neman wasa fartanya bai san wainar da ake toyawa ba.

Yayan nan nawa malmala huɗu yake tashi da ita, ko ciwon kai bai sani ba, kuma tun yana saurayi goro bai bar bakinsa ba. Da aka yi masa bayani ya ce, "Baba, ni ban iya tuƙa ba." Baba ya ce ya gwada. Ƙato mai 'ya'ya shida ya duƙa ya dafa gwiwa yana ƙoƙarin dawo da kokon safe, abin da ya samu gyatsa ce kawai. Daga ƙarshe aka tsaya a kan ya tauna ɗanyar fura, a zuba a ludayi da nono a ba ni. Inna ta ce ya fara yin asuwaki. Baba ya ce in aka wanke bakin ai an wanke maganin.

Raina ya ɓaci sosai. Ni da nake koya wa 'yan aji biyar wanke hannu da sabulu. Na ce likita maganar hanji ta yi, ba ta yi maganar baki ba. Baba ya ce hanyar guda ce. Na ɗauki hulata zan fita, sai na ga shi da kansa ya karɓi ludayin, ya tsuguna a gabana ya yi bisimilla. Fuskarsa irin wadda yake yi ce in dabba ta kwanta yana tsoron rasa ta. Shekara biyu ba wanda ya dube ni haka a gidan nan. Na rufe ido na haɗiye, kuma ba zan yi ƙarya ba, goro ya fi furar yawa.

Kwana uku suka wuce ban tashi ba. Da na ba likita labari sai da ta cire tabarau don dariya, sannan ta sa na yi alkawarin ba zan ƙara ba. Har yau da ciwona, wata rana da sauƙi wata rana babu, an dai rage mini darussa ina lallaɓawa. Baba da ya ji magani bai ci ba, ni bai ɗora mini laifi ba ko kaɗan. Cewa ya yi goron ne ya kashe ƙarfin, ya hana yayana cin goro mako guda don a sake gwadawa, sai da Inna ta yi rantsuwa aka bar maganar.

Asabar ta biyu bayan haka ina zaune gindin bishiya a bakin gona, wani maƙwabcinmu ya zo wucewa a kan keke. Ya rage gudu ya ce, "A'a, malamin boko, an zo duba ma'aikata?" Na fara haɗa 'yar dariyar da na saba bayarwa.

Baba ya ɗago daga kan kunya, gumi na zuba. "Ba shi da lahiya," ya ce. "Ka yi mashi sannu."

Mutumin ya sauko daga keken ya ce sannu, Allah ya ba da sauƙi. Baba bai koma noma ba sai da ya ji an gama. Ni kuwa na gyaɗa kai na ce amin.